Kwalejin da Na Ɓoye a Bayan Rediyo

Mun tashi da asuba daga unguwar Television ranar Asabar, mu uku a gaban a-kori-kura: ni, da babbar 'yata, da Alhaji, abokina na unguwar Makera mai sayar da kayan yaji, wanda shi ne mai motar kuma shi ne direba. Shi Kachia za shi sayen busasshiyar citta, mu kuwa Kagoro muka nufa. Ya ce in dai zan jure wa surutunsa, zai kai mu har ƙofar gida ya dawo da mu. Na ce mutumin da ya shekara goma sha biyu yana foman a masaƙar Kakuri, cikin ƙarar injuna, bakin mutum ɗaya ba zai gagare shi ba. Kafin mu wuce Sabon Tasha na gane na cika baki.

Bari in faɗi abin da ya tashe mu. 'Yata ta gama sakandare da sakamako mai kyau, gwamnatin jiharmu ta asali, Filato, ta ba ta tallafin karatu zuwa Amurka. Malaminta na aikin gona ya ba ta adireshin makarantu uku, duk a jiha ɗaya wai ita Ayowa. Ranar da maƙwabciyarmu ta ji sunan, cewa ta yi ai kusa ne, ba ta wajen Ilorin ba ce? Amsoshin ta akwatin wasiƙun masaƙa suke zuwa, don haka hannuna suke fara faɗawa. Biyu sun zo daga jami'o'i, na kai su gida ina taku ɗai-ɗai kamar ni aka ɗauka. Ta ukun da ta zo, sai na ga an buga kwaleji ɓaro-ɓaro a saman ambulan. Na buɗe, su ma sun ɗauke ta.

Raina ya ɓaci. Yarinyar da ta shekara biyar a kwaleji a nan, ta ci jarrabawa, sai ta hau jirgin sama ta ƙetare teku don ta koma kwaleji? Me zan ce wa mutane a coci? Kuma na san halinta, wannan makarantar ta fi so, don malaminta ya ce suna da gonarsu ta kansu kuma ɗalibai ba su da yawa. Sai na zura wasiƙar a bayan babbar rediyon falo na yi gum. Sati uku kullum in na dawo aiki sai ta tare ni a ƙofa ta ce, “Baba, babu wasiƙa?” Ni kuma in ce babu, in wuce in wanke hannu. Ranar Litinin mai zuwa ce ranar ƙarshe da za ta aika amsa ga makarantar da ta zaɓa, in ta wuce, wasiƙa ba za ta isa kan kari ba.

Uwargida ce ta kawo shawarar tafiyar. 'Yar Kagoro ce, kuma tsohon shugaban makarantarsu, wanda kowa ke kira Malam, a wannan jihar ta Ayowa ya yi karatu tun ba a haifi 'yata ba. Ta ce mu je mu tambaye shi kafin a zaɓa. Na yarda da sauri, don na tabbata mai ilimi kamarsa jami'ar da ta fi dogon gini zai nuna, magana ta ƙare, wasiƙar bayan rediyo kuma gara ta cinye ta.

Gari bai gama wayewa ba muka hango wutar matatar mai ta wajen Rido tana lasar sama. Alhaji ya nuna ta da baki ya ce ga wuta tana ci dare da rana ba mai ɗora tukunya, matarsa kuwa jiya ta yini a layin kananzir. Daga nan ya shiga tarihin kananzir, ya gangara kan tsadar taya, ya ɓulla kan surukinsa na Tudun Wada. A Kujama muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Ƙosan dai ya ji tsuke bakin aljihun da ake ciki, don guda ɗaya bai fi goro ba, amma da zafinsa kuma mai suyar ba ta yi rowar yaji ba. Kasuwan Magani muka tarar da ita wayam, rumfuna sai awaki, da yake ba ranar kasuwa ba ce.

Bana an yi ruwa sau biyu ko uku, ƙasa ta yi laushi, ko'ina manoma ne a duƙe. Hanya lafiya lau in ban da wasu ramuka bayan Kufana da Alhaji ya san su ɗaya bayan ɗaya, har gaishe su yake yi kafin ya faɗa ciki. 'Yata na gefen taga, idonta na kan gonaki. Can ta ce wancan manomin ya yi kunya bin gangare, ruwa zai wanke masa taki. Na dube ta. Ni da na gudo daga ƙauye don kada 'ya'yana su riƙe fartanya, ga wadda na fi alfahari da ita tana gyara wa mutane kunya daga cikin mota. A Idon muka sayi mangwaro cike da kwano, arha kamar a ce kyauta, muka sha har ruwan ya gangaro mini a hannun riga.

Kachia tun daga nesa hanci ke sanar da kai ka iso. Citta ce a shanye, citta a buhu, citta a iska. Na yi atishawa ta fi goma, Alhaji kuwa ko gezau, ya tsuguna yana karya citta yana sansanawa yana kushe ta a gaban mai ita, alhali na ga idonsa ya riga ya saya. Ya ce a ɗaure masa buhuna sai mun dawo. Muka bi ta Zonkwa, muka tsallake layin dogo, hantsi ya ɗaga sosai sannan dutsen Kagoro ya tare mana gaba, baƙi, da gajimare a kansa kamar hula.

Malam ɗan gajeren tsoho ne mai farin gashi da babbar murya. A gindin mangwaro muka same shi yana gyaran amyar zuma. Da ya ji ko ni mijin wa ne, sai ya ce, “A'a, surukina ne ashe!” Bai bari an yi maganar makaranta ba sai da aka kawo faten acca da yakuwa, Alhaji ya yi kwano biyu yana cewa ɗanɗanawa kawai yake yi. Sannan Malam ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar taswira, ya shimfiɗa a tabarma ya danne kusurwoyinta da mangwaro huɗu.

Ya ce jihar nan masara ce daga farkonta har ƙarshenta, shimfiɗe kamar faifai, in ka hau kujera sai ka hango gari na gaba. A ganinsa aladu ma sun fi mutane yawa. Ya ce garin da ya fara sauka, sunansa na ɗauke da kalmar da ke nufin birni, ya sa kwat yana jiran ya ga Legas, sai ya tarar da wurin bai kai Zonkwa ba. Sanyi kuwa, ya ce kada mu yi masa maganar Jos, can in ka yi hawaye a waje sai ka ɓamɓare shi da farce. Ya duba wasiƙu biyun da muka kawo. Ta farko babbar jami'a ce, ya ce malamanta gwanaye ne, amma aji ɗaya ya fi cocinmu cika, malami can ƙasa kamar tururuwa. Ta biyu ta fi ƙarfi wajen horar da malaman makaranta. Ya ce duk biyun makarantu ne na ƙwarai, ba wanda zai je ya yi da-na-sani.

Sai ya tambayi 'yata me take son karantawa. Ta ce tsirrai da irin shuka. Ya sa yatsa a wani ɗan ɗigo a taswirar ya ce, “Kash! Da nan kika nema.”

“Na nema, Malam,” in ji ta. “Ba su ba ni amsa ba.”

Na gyara zama na ce, “Ai Malam ba asara aka yi ba. Wannan kwaleji ce kawai, ita kuwa ta riga ta gama kwaleji.”

Malam ya dube ni, ya fashe da dariya har da tari. Ya kama hannuna ya ja ni falo, ya tsayar da ni gaban wata takarda a cikin gilashi. Sunan makarantar nan ne a sama, irin rubutun da ke kan ambulan ɗin da ke bayan rediyona, a ƙasa kuma ga digiri ƙarara da sunansa. Ya ce, “Surukina, a can sakandare sunanta daban. Kwaleji sai wanda ya gama sakandare ke shigarta. Ita da jami'a tukunya ce ƙarama da babba, tuwon ɗaya ne.” Ya ce sanyin farko ya kwantar da shi, kwana biyu bai je aji ba, rana ta uku sai ga malaminsa da kansa a ƙofar ɗaki da kwanon romo. Da aka rufe makaranta lokacin Kirsimeti, wani manomi ya ɗauke shi zuwa gidansa, har yau 'ya'yan mutumin suna rubuto masa. Ya ce in yarinya ce za ta fara barin gida, shi ba gini yake dubawa ba, yana duba wa zai lura in ba ta zo aji ba.

Da muka fito, 'yata ta ninke wasiƙun a hankali ta ce to, za ta ɗauki babbar jami'ar. Ta yi murmushi don kada ta ɓata wa kowa rai. Wannan murmushin ne ya gama da ni. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami, amma ita kaza kanta kaɗai ta cuta, ni kuwa 'yata na sa ta kwana da yunwa.

Malam ya ba mu kwalbar zuma muka juyo. A Kachia hadari ya haɗu, muka hau ɗaure tamfol a kan buhunan citta. Alhaji ya ce, “Foman, lafiya? Tun Zonkwa nake magana ba ka musa mini ko ɗaya ba.” Na leƙa na ga 'yata na cikin mota, sai na faɗa masa komai. Ya ja igiya ya ɗaure tamau, ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma bai taɓa jin wanda ya haƙa nasa a bayan rediyo ba. Bai ƙara ko kalma a kai ba, wannan kuwa a wurin Alhaji babbar kara ce. Ruwa ya raka mu har Kufana, inda Alhaji ya tsaya ya yi la'asar, mu kuma muka ƙarasa sauran mangwaron.

Rana ba ta faɗi ba muka shigo Television. Ko takalmi ban cire ba na wuce falo, na zura hannu bayan rediyo, na ciro wasiƙar na miƙa wa 'yata da hannu biyu. Na ce, “Sati uku ke nan da zuwanta. Ni na ɓoye. Ki yafe mini.” Ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Can ta share ido ta ce, “Baba, ashe kwalejin ce ta tsorata ka?” Na ce ita ce.

Sai ga muryar uwargida daga ƙofar kicin: “Ka gode wa Allah ba da ruwa nake goge bayan rediyo ba.” Ashe sati biyu ke nan da ta gan ta. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce da ta yi, da na ce me ta sani game da Amurka, shi ya sa ta tura ni wurin mai digiri a bango. Kuma hannun da ya ɓoye shi ya kamata ya miƙa. Na ce da ban miƙa ba fa? Ta ce da gobe bayan coci ta miƙa da kanta, ni kuma in nemi inda zan riƙa cin tuwo.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, to ni kalma ɗaya tak na je har Kagoro na koyo, kuma ban ga tsadarta ba. Na koyi cewa suna ɗaya kan yi ma'ana biyu in ya ƙetare ruwa, kuma tsoron bakin mutane ya kusa sa ni rufe wa 'yata ƙofar da Allah ya buɗe mata. Ranar Litinin na nemi izini a masaƙa, na raka ta gidan waya, ni na lashi kan sarki na manna da babban yatsana.

Amma tun ranar Lahadi aka gwada ni. Muna fitowa daga coci wani dattijo ya tare ni ya ce ya ji yarinya za ta Amurka, wace jami'a ce? Na buɗe ƙirji na ce kwaleji ce. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, “Ayya. Allah ya sa ta ci a wannan karon.” Na ce amin, sannan na faɗa masa Alhaji zai koma sayen citta ranar Asabar, kuma akwai wurin mutum ɗaya a gaba, in yana so a ƙarasa da shi wurin Malam a Kagoro.