Tekun Kawu Bitrus

Duk wanda ya taɓa zuwa gaishe da Kawu Bitrus da safe ya san ba a samun amsa da wuri. Za ka tarar da shi a durƙushe a falo, tocila a baki, hancinsa manne da akwatin gilashin nan da yake kira "tekuna". Ƙanin mahaifiyata ne. Da ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, abokan aikinsa suka koma gida da motoci, shi kuwa ya iso Kafanchan da ruwan gishiri, 'yan kifaye da duwatsun teku masu ramuka.

Duwatsun nan su ne fitinar. Kullum sai wani abu ya fito daga cikinsu wanda ba shi ya saya ba: tsutsa mai gashi, ɗan mitsitsin katantanwa, wani mai hannuwa kamar tauraro. Matarsa, Anti Saratu, ta ce a kwashe da cokali a zubar.

"Kin san sunansa?" in ji Kawu.

"Ina ruwana da sunan tsutsa?"

"To ba za a taɓa shi ba. Ko kotu sai ta tambayi suna kafin ta yanke hukunci!"

Kafin ya gano sunan gaskiya, sai ya raɗa wa abin sunan ranar da ya bayyana. Akwai Talatu, akwai Ɗanladi, Laraba ma har biyu. Ni ce mai ɗaukar hoto a waya in tura wa masu irin wannan haukan a intanet. Ran da suka amsa cewa Talatu ƙazantar ruwa take ci, ba ta cutar kifi, har kicin ya bi Anti: "Kin ji? Shara take yi. Ta fi yaranki amfani!"

In an ɗauke wuta kuwa, janareta na famfon da ke juya ruwan tekunsa ne kaɗai. Wata Kirsimeti Anti ta yi ta roƙo a jona firiji kada nama ya lalace. Ya ce, "Saratu, naman ya riga ya mutu. Waɗannan suna da rai."

Wata maƙwabciya ce ta ji shi yana cewa, "Laraba, fito ki ci abinci." Shi ke nan! Kafin Lahadi gari ya ɗauka, wai Kawu, Elda guda, dattijon ikilisiya, yana kiwon aljanun ruwa a falo. Kwamitin coci ya turo Fasto da saƙo: ko ya zubar da ruwan, ko ya sauka daga kujerar dattawa. Kun dai san yadda Kawu ke son kujerar nan. Tun Asabar yake goge farar rigarsa.

Fasto ya leƙa gilashin, sai wani abu ya miƙo siririn hannu daga rami. Ya ja da baya. "Jinin Yesu! Elda, mene wannan?"

"Ban sani ba tukuna. Kai ma ba ka sani ba. Amma ni ina bincike, kai kana ihu."

"Elda, ka yi biyayya mana."

"Ku nuna mini wanda Shaiɗan ya halitta a ciki, in zubar da shi yanzu-yanzu. In babu, ku riƙe kujerarku!"

Suka riƙe. Ran Lahadi ya shigo coci da farar rigarsa, ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, yana rera waƙa da ƙarfi har ya danne mawaƙan coci, muryar kuma ba daɗi. Haka ya yi har ya rasu, bai ba kowa haƙuri ba. Amma ni da nake zama kusa da shi na san abin ya ci masa rai. Duk ran cin Jibin Ubangiji, in dattawa suka tashi rarraba gurasa, sai ya sunkuyar da kai ya yi ta goge tabarau.

Kawu, har yau raina na ɓaci da abin da aka yi maka. Ubangiji ya karɓe ka da hannu biyu, ya zaunar da kai a sahun gaba, inda ba kwamitin da zai ce ka tashi. Amin.