Matar da Ta Motsa a Hoto

Shekara talatin da ɗaya Mai Hoto ya yi yana ɗaukar fuskokin mutane, amma hoton matarsa guda ɗaya tak yake da shi, shi ma ta motsa. Tana tsaye a bakin ƙofar shago, ta kawo masa abinci a kwano mai marfi, ya juyo da kyamara don ya ƙarasa fim ɗin da saura ɗauka ɗaya ya cika. Daidai lokacin da ya danna, ta waiga. Kwanon ya fito tsaf, har da ɗan lotsewar da ke gefen marfin. Yatsunta sun fito. Fuskar kuwa kamar an goge ta da hannun riga tun fenti bai bushe ba.

In an tambaye shi dalili, yakan ce fim na kasuwa ne, ba a ɓarnatar da shi a kan 'yan gida, kuma wanda kake gani safe da yamma me za ka yi da hotonsa? Ta rasu 'yarsu tana da shekara huɗu. Bai sake aure ba. Mutanen layin suka kira wannan ƙauna, shi kuma bai taɓa gyara musu zance ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rabi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifa. Akwai labule mai zanen kogi da gada, da kujera mai hannu, da furen roba wanda yake wankewa da omo, da madubi da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida. Rabin da ke baya shi ne ɗakin wankin hoto: jan ƙwan lantarki, tire uku, igiyar shanya, da warin magani da ya kama tufafinsa har 'yarsa ta girma tana tsammanin haka duk uba yake wari. An san shi da iya fensir. Yakan zauna da gilashin ƙara girma ya bi nagetif yana share ƙuraje da tabo ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ba ƙarya ba ce, sharar tsakar gida ce kafin baƙi su shigo.

Sai fim ya fara wuya, maganin wanki ya bi bayansa. Mutane suka koma ɗaukar kansu da waya. Ya shekara biyu yana zaune a ƙofar shago yana taya mai agogo hira, har ranar da 'yar tasa, wadda ta zama nas ta kuma yi aure, ta sauke masa kwali biyu: sabuwar kyamara marar fim, da kwamfuta da na'urar sikana.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Makon farko ya riƙa manna ido a bayan kyamarar kamar yadda ya saba, ya bar maiƙon hanci a gilashin. Yana ɗauka yana ƙirgawa a zuci, in ya kai talatin da shida, iyakar fim ɗaya, sai hannunsa ya tsaya da kansa. Katin da ke riƙe hotunan bai fi farcen babban yatsa ba, ya ƙi yarda da shi, ya ce abin da kaza za ta iya haɗiyewa ba wurin ajiyar fuskar mutane ba ne. Abin da ya fi tsorata shi maɓallin gogewa. A da, in hoto ya lalace yana nan, ka gan shi ka ji kunya. Yanzu dannawa ɗaya, kamar ba a taɓa yi ba.

Surukinsa, wanda yake kira Injiniya ko da yake a banki yake aiki, shi ya zo da manhajojin gyaran hoto guda uku ya ce ya zaɓa. Ta farko komai da kanta take yi. Suka gwada ta a kan fuskar mai agogo, ta fito da shi sumul kamar ango ɗan ashirin, har gibin haƙorinsa ta cike. Mai agogo ya ce a wanke masa biyu, ɗaya zai kai wa matarsa ta ga abin da ta yi asara. Ta biyu ta fi ƙarfin kwamfutar, tana buɗewa injin ya kama nishi. Ta uku kyauta ce, ba ta da kyan gani, kuma ba ta taɓa komai sai ka taɓa. Ana jera gyara a cikinta shimfiɗa kan shimfiɗa kamar ledoji masu haske, kuma akwai wani ɗan alƙalami da ke ɗebo fata daga nan ya ajiye can. Injiniya ya ce wannan wahala ce zalla, Baba ya ɗauki ta farko ya huta.

"Waccan tana ƙarya ba a sa ta ba," in ji Mai Hoto. "Wannan sai na sa ta."

Cikin shekara guda sunansa ya sake fita, ba don ɗauka ba, don gyara. Aka riƙa kawo masa hotunan da ruwa ya ci, da waɗanda gara ta huda, da waɗanda suka manne da gilashi. Kusan duk na matattu ne. In kunne ya ɓace ya ce a kawo hoton ɗan'uwa ya ara. In babu ɗan'uwa, yana da nasa rumbun. Ya zuba tsofaffin nagetif ɗinsa kwali goma sha ɗaya cikin kwamfuta, ya bi su ya yanka: idanu a jaka guda, baki a jaka guda, hanci, kunnuwa, goshi, babu suna babu shekara. Injiniya ya leƙa ya ce Baba ya buɗe shagon kayan gyara, saura taya da batir.

Ran nan da la'asar 'yarsa ta shigo da kayan nas a jikinta, ta ciro ambulan daga jaka ta ajiye a gaban allon. Bai buɗe ba ya san hoton uwarta ne ke ciki.

"Baba, ka gyara wa kowa nasa."

A nan ya gane abin da aka saya da kwali biyun nan. Ba zaman banzansa ne ya dame ta ba. Shekara ɗaya ta yi tana jira hannunsa ya faɗa. Ta ce ba ta tuna komai na uwarta sai ƙamshin wani man shafawa, kuma 'yarta ta fara tambaya. Ya ce ta ba shi mako biyu. Abin da bai faɗa ba shi ne, in ya rufe ido fuskar ba ta zuwa. Yana tuna tarinta da safe, da yadda take jan takalmi, da bayan wuyanta in ta sunkuya wanki. Da zarar ya ce ta juyo, sai ta motsa.

Ya riƙa rufe shago da tsakar rana, lokacin da layin yake yin shiru. Haɓa da goshi ya ɗauko daga hoton 'yar, wanda ya ɗauke ta yana ce mata gwajin haske yake yi. Suka zauna daidai. Idanunta kuwa nasa ne, kowa ya sani, bakin ma na danginsa ne. Sai ya buɗe jakar idanu. Ɗaruruwa ne, jere reras suna kallonsa, na yara da na tsofaffi, masu kwalli da marasa kwalli. Kwana uku yana wucewa ta cikinsu. A rana ta huɗu wasu idanu suka tsayar da shi, gabansa ya faɗi kamar an kira sunansa a wurin da ba a san shi ba. Ya ce ga su nan. A jakar baki ma haka aka yi: wani baki mai ɗan karkata ta hagu, kamar mai riƙe dariya. Da ya ɗora su, fuskar ta haɗu ba tare da ya yi dogon gyara ba, idon da bakin suka karɓi juna kamar dama tare aka halicce su.

Mutumin da yake gane kwastoman shekara ashirin ta tudun kunnensa, shin bai yi mamakin wannan sauƙin ba? Ya ce wa kansa jini ne ya gane nasa. Ya wanke babba, ya sa firam.

'Yar ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta shiga ɗaki da shi ta rufe ƙofa. Washegari yana rataye a falonta, sama da talabijin.

Yayar marigayiyar, wadda 'yar ke kira Inna, ta zo gani bayan kwana biyu. An ce ta tsaya a gabansa har ƙafarta ta gaji, ta yi wa ƙanwarta addu'a, ta tafi. Da safe sai ga ta a shago. Ta ƙi kujera mai hannu, ta zauna a benci, ta bari suka gama gaisuwa tsaf.

"Malamar nan ta makarantar bayan layi," ta ce, "tana raye kuwa?"

Ya ce wace malama, Yaya?

"Wadda ka rataye wa 'yarka a falo."

Ya san wadda ake nufi tun kafin ta rufe baki. Wata malama ce da take zuwa duk ƙarshen wata a ɗauke ta, ta ce za ta aika wa iyayenta. Babu abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Bai taɓa ce mata komai ba bayan ɗaga haɓa kaɗan, kalli nan, kada ki motsa. Amma fim bai taɓa yi masa tsada a kanta ba, kuma da aka yi mata canjin wurin aiki ya yi wata guda abinci ba ya masa daɗi, ya ce zazzaɓi ne.

Inna ta ce ƙanwarta takan tsaya a ƙofar nan da kwano a hannu yana ƙona ta, tana jira a gama gyara wa malama zaman mayafi. Ba ta taɓa kai ƙara ba, don me za ta ce an yi? Ranar hoton nan ma malamar ce ta fita ba da jimawa ba.

"Kana tsammani kiran ta aka yi ta waiga? Da gangan ta kau da kai. Ta ce min ba za ta ci ragowar fim ɗin wata ba."

Ya juya ga kwamfutar ya nemo asalin hotunan da ya yanko idon da bakin. Guda arba'in da uku ne, mace ɗaya, gaban kogi da gada. Inna ba ta ko leƙa ba.

Ya ce to ta taimake shi, ita da suka tashi ɗaki ɗaya, ta faɗa masa yadda fuskar take ya sake aikin. Inna ta gyara zama. Ta ce idonta irin na mahaifinsu ne. Ya ce manya ko ƙanana? Ta ce ba manya ba, ba kuma ƙanana ba. Hancin fa? Ta ɗaga hannu tana zana wani abu a iska, hannun ya tsaya. Ta ce akwai ɗan tabo a gira, ta dama, ko ta hagu. Ta mayar da ido kan furen roba.

"Na dai san ba waccan ba ce," ta ce a hankali. Ta miƙe, ta ce ita ba za ta faɗa wa yarinyar ba, wanda ya ɗaura shi zai kwance.

Ya je gidan a ƙarshen mako da maganar a bakinsa. Ya tarar an goge firam ɗin yana ƙyalli, jikarsa 'yar shekara biyar tana nuna wa ƙawarta tana cewa ga kakarta. Ya jira yaran suka fita. 'Yarsa tana ninke kayan wanki a kan kujera. Ya ce mata hoton nan akwai sauran aiki, ta ba shi ya koma da shi, akwai abin da ya kamata ta sani game da idon.

Ba ta ɗago ba. Ita da aikinta ya koya mata fuskar mai shirin faɗin mummunan labari, ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta har ta daidaita kafaɗun.

"An karɓe min ita sau ɗaya, Baba. Ka bar min wannan."

Ya bar mata.

Har yanzu yana buɗe shago. Yana gyara tsagewa da tabon ruwa da cin gara, amma in fuska ta tafi yakan mayar wa mai ita hotonsa ya ce ta tafi. Wasu suna fushi su tafi wajen masu manhajar da ke yi da kanta. Yana zuwa gidan 'yarsa kamar kullum, sai dai ya daina shiga falo. Ya ce fanka na sa shi mura, aka fitar masa da kujera baranda, inda yake zama bayansa na ga taga.

A nan jikar ta same shi wata yamma, ta dafa gwiwoyinsa. Ta ce baƙin Mama sun ce idonta sak na kakarta ta hoto, wai gaskiya ne? Shi ne ya san ta.

Ya dubi idanun yarinyar. Ba nasa ba ne, ba na Injiniya ba ne, ba kuma na malamar ba ne. Daga wani wuri suka zo. Ya kama haɓarta da yatsu biyu, ya juyar da ita wajen haske, ya daɗe yana kallo, yarinyar tana jira.