Ranar da Fetur Ya Sauka a Kiyawa

Ka yarda ko kar ka yarda, ni nan na tura babur da ƙafata tun daga Dutse har Kiyawa, don kawai an ce farashin fetur ya sauka a can.

A Dutse kuwa, ɗan bumburutun bakin tasharmu ya ƙi rage ko sisi. Mutumin da lokacin wahalar mai sai na ce masa "ranka ya daɗe" sau uku kafin ya tsiyaya min rabin kwalba, ita ma tana warin kananzir! Na ƙudura sai na rama.

A gidan man Kiyawa na ce a cika min tanki har ya yi amai. Na dawo Dutse ina ba shi wuta, na dinga zagaya teburin ɗan bumburutun ina girgiza babur ɗin don ya ji motsin mai a ciki. 'Yan acaɓa suna ta ihu, ni kuwa kaina ya fi tankin girma.

Ko tashi bai yi ba. Ya kakkaɓe mazurarinsa ya ce, "Yi ta zagaye, maigida. In ya ƙare, ni ina nan, Kiyawa kuma tana can."