Matar Mai Hoto Ba Ta da Hoto

Shekara talatin da bakwai Mai Hoto ya yi a shagonsa na bakin tasha, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Da wuya ka shiga gida a unguwar nan ba ka ga aikinsa a bango ba. Mutum ne mai faɗa, ga iya aiki. In ka zauna a kujerarsa ka sosa hanci, sai ya daka maka tsawa: "Kai, ƙaiƙayin nan ba zai jira ba ne?"

Amma fa matarsa ba ta da hoto, in ban da na tsohon katin shaida wanda hatimi ya cinye rabin fuskar. In ta ce, "Malam, ni yaushe za a ɗauke ni?" sai ya ce, "Ke da kike gida? Bari a samu haske mai kyau, ba zan yi miki aikin kasuwa ba." Haka hasken nan ya yi ta ƙin yin kyau har ta yi furfura.

Sai ciwo ya kwantar da ita, irin mai sa kai karkarwa ba hutu. Ranar da likita ya ja shi gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, Mai Hoto ya rufe shago ya dawo gida da kyamara. Abin tausayi, shi ma tsufa ya taɓa hannunsa, ko kofin ruwa ba ya kaiwa baki sai ya zuba. Dole ya miƙa wa 'yarsu Auta, wadda ko maɓallin kunnawa ba ta sani ba.

"Saurara," ya ce mata. "Cikin nan akwai 'yar ƙofa. Kina dannawa za ta buɗe, haske ya shiga, ta rufe. Wannan lambar, ɗaya bisa talatin, wato sakan aka raba talatin, ƙofar ta ɗauki kashi ɗaya. Ga kyamara, wannan daɗewa ce. Haske zai shiga da yawa, amma duk abin da ya motsa ya tafi."

Auta ta danna. Ɗakin ya fito tas: gado, kwalaben magani, har ɗinkin matashi. Fuskar uwar kuwa kamar an goge ta da tsumma.

"To kai lambar ɗaya bisa ɗari biyu da hamsin. Yanzu ƙofar ta fi karkarwar sauri."

Ta danna. Baƙi ƙirin.

"Baba, a sa fitilar kyamara mana."

"Likita ya hana, walƙiyarta na tayar mata da ciwon."

Daga gado mara lafiya ta yi 'yar dariya. "Malam, duk garin nan ka iya, ni ce na gagare ka?" Ya kau da kai wajen taga.

Fitar da ita waje ba ya yiwuwa, juya ta ma sai da hawaye. Amma ya lura wajen ƙarfe takwas na safe rana kan leƙo ta taga, ta kai ƙafar gado kamar minti goma. Suka cire labule, suka tura gadon a hankali har matashin ya zo daidai wurin. Washegari hasken ya zo, uwar ta ce ita sam ba za a ɗauke ta da wannan ɗankwalin ba. Kafin Auta ta tono mai shuɗi daga ƙasan akwati, rana ta haye bango. Mai Hoto ya yi faɗa kamar zai ci mutum, sannan ya fita bayan ɗaki ya ji kunyar kansa. Kwana biyu kuma hadari ya rufe gari.

Rana ta huɗu gari ya waye tangaran. Ya zauna bakin ƙofa yana goge gilashin kyamara, yana saita lamba, yana jaddada wa Auta ta matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ta riƙe numfashi. Ta karɓa ta shiga. Ya kasa kunne yana jiran ƙarar dannawa, bai ji ba.

"Auta, hasken zai wuce fa!"

"Baba, zo."

Ya shiga. Rana ta sauka a kan matashi sosai, ɗankwali mai shuɗi a ɗaure tsaf. Kan da ya yi wata biyar yana rawa ya tsaya cak, numfashi ma haka. Tun da yake sana'a bai taɓa ganin haske mai kyaun wannan ba.

Auta ta ce, "In ɗauka?"

Ya karɓi kyamarar daga hannunta, ya lalubi murfin a aljihu. Sau uku yana kuskure kafin ya rufe gilashin.

"A'a," ya ce. "Je ki kira yayanki."