Sufyanu da Dodon Rijiyar Yari

Na fara haɗuwa da Sufyanu ranar Talata, 4 ga Oktoba 2022, da ya kama hayar shagon da ke jikin ofishin ƙungiyar 'yan albasa a Illela, inda nake akawu. Sana'arsa cajin waya da tura waƙoƙi. Ya gaishe ni da ladabi, ya koma ya kunna lasifika, kuma daga ranar ban sake samun shiru ba.

A waya ya ga bidiyon wasu Turawa da ke yin shigar dodanni sau ɗaya a shekara suna rawa. Sai ya ce ai mu ma muna da dodo, don mi ba shi da waƙa? Ya tsallaka Konni, ya shiga situdiyo, ya kafa baki cikin tulu ya yi ta gurnani aka ɗauka. Amshin waƙar shi ne: "Dodo ya ƙoshi, ba ya cin kowa, rawa yake so." Kafin wata ya ƙare ta shiga gidajen suna da wayoyin 'yan kabu-kabu.

Da a hayaniya abin ya tsaya, da na jure. Amma a bayan unguwarmu akwai tsohuwar rijiyar marigayi Yari, ba murfi, bakinta ya zaizaye. Tun ina yaro abu ɗaya ke hana yara zuwa wurin: an ce akwai dodo a ciki. Wata la'asar matata Lubabatu ta tarar da ɗiyarmu Radiyya, mai shekara biyar, kwance rub da ciki a bakin rijiyar ita da ƙawayenta, suna kiran dodo ya fito a yi rawa. Ƙafarta ta kama ta janyo ta.

Na sami Sufyanu a shago na faɗa masa.

"Baba Akawu, mi ya yi zahi? Waƙa ce hwa!"

"Waƙarka ta kori mai gadin rijiya. Kai za ka zauna can ka tsare ta?"

Ya ce in bar masa, zai gyara. Gyaran da ya yi shi ne waƙa ta biyu, wadda dodo ke jin yunwa yana neman ƙafar yaro. Yara suka fi son ta. Suka riƙa zuwa suna zura ƙafa cikin rijiyar suna ihu.

Na koma, wannan karon ban ko zauna ba. Na ce ya rufe shago ya biyo ni bakin rijiyar. Da ya ga inda ƙasa ta zame ƙarƙashin gwiwar Radiyya, sai ya ce zai nemo magini. Ranar Asabar ya zo da magini Sahabi da 'yan kabu-kabu, mu kuma maza na unguwa muka kawo siminti da rodi, aka zuba wa rijiyar murfi. Har aka gama aikin, waƙar dodon yake sa mana. Radiyya kuwa ta daina yi mini magana na ɗan lokaci, wai mun kulle dodo ba abinci.

Sufyanu ya bar shagon a farkon 2024. Yanzu yana Konni yana sa kiɗa a gidajen biki, ana kiransa Sufyanu Dodo, ya yi aure yana da ɗa guda. Wanda ya gaji shagon mai walda ne.