Jirgin da Na Jiƙa a Thamesmead

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Ba Baturen da ya sayar mini da jirgin ruwan ba, ba ɗana ba. Ni ɗin nan mai furfura, wanda bokonsa ya tsaya a firamare, ita ma sai da hedimasta ya kau da kai.

Ni mutumin Yauri ne, a bakin kogin Kwara na tashi. Mahaifina masunci ne, kuma kafin in iya wanke allo na iya kwarfe ruwa daga kwale-kwale. Sai ga shi na ƙare a Thamesmead, nan ƙasar Turawa, a saman wani flat na council, gidan hayar hukuma, inda ta taga ake hango kogin Thames launin ruwan wanki. Na yi gadi, na ja tasin da suke kira minicab, na tsufa ina kallon kogin nan, ban taɓa ratsa shi ba sai ta gada ko ta ramin da ya bi ta ƙarƙashinsa.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, nan aka haife shi. Yana aiki a wani asibiti a Marylebone, yana gyara wa masu hali ƙugu da gwiwa, ni kuwa likitan tausa nake ce masa. Hausa yana ji sarai, amsa ce sai da Turanci. Tun yana ƙarami nake ba shi Yauri: da safe Yauri, a kan abinci Yauri, in ya yi laifi, a Yauri yaro ba ya haka. Uwarsa takan ce in bar shi ya haɗiye lomarsa tukuna. Ban taɓa bari ba.

Ranar da ya ce ya sami aiki a Kanada, zai kwashe matarsa da 'yarsa su tafi ƙarshen summer, lokacin zafinsu, mai zuwa, ban ce kada ya tafi ba. Abu ɗaya na ƙudura. Kafin ya tafi sai na ɗora shi a kan ruwa, ni a baya riƙe da tuƙi, shi a gaba riƙe da bakinsa, ya ga ko sau ɗaya akwai abin da ubansa ya fi shi sani.

Haka na sayi ɗan jirgin faiba, mai jiki kamar roba, na hannu wajen wani tsohon Bature a Erith, muka ja shi a kan tirelarsa zuwa bayan garejin wani abokina, bakanike ɗan Kumasi. Jirgin ya taɓa zama fari, yanzu ya koma launin haƙorin mai cin goro. Fatarsa mai sheƙi, wadda suke kira jelkot, ta tsattsage a ƙasan ciki kamar saƙar gizo-gizo, ga kuma wata doguwar tsaga a gefe wajen mazaunin inji.

Abin da har yau yake cina shi ne, yaron ya yi murna. Ran Asabar sai ga shi da kwali a hannu, ya sayo komai: gwangwanin jelkot, 'yar kwalbar maganin da ke sa shi ya daskare, samfefa kala-kala, ƙaramar giranda, har da takunkumin hanci biyu. Biyu fa. Ya tsuguna yana nuna mini. Wai za a bi tsagar da giranda a buɗe ta, a goge, a bar ta ta bushe ƙarau, sannan a dama a cika, a rufe da leda, in ya kama a bi da samfefa har ya yi santsi.

Na ce, "Tsaya, likita. Wato a ƙara wa tsaga faɗi don a rufe ta? Haka kuke yi wa ƙugun mutane a Marylebone?"

Ɗan Kumasi ya yi dariya, ni kuwa dariyar ta ƙara mini kai. Na gyara tsayuwa na buɗe makaranta. Na ce a Yauri in kwale-kwale ya tsage ba a kai masa wuƙa. Nutsar da shi ake yi, katako ya sha ruwa ya kumbura, tsaga ta haɗe bakinta da kanta. Wadda ta yi gardama a cusa mata tsumma da kwalta. Haka kakana ya yi, haka ubana ya yi, kuma ba wanda ya mutu a ruwa sai wanda kwanansa ya ƙare.

Ya ce, "Baba, it has to be dry."

Na ce ban ji ba, kunnena na Yauri ne.

Sai ya yi abin da rabonsa da yi tun yana ɗan firamare. Ya haɗa Hausa da ƙyar, kalma bayan kalma kamar mai tsallaka kwata, ya ce wannan ba itace ba ne, ba zai kumbura ba. Ni kuwa na maƙale murya na kwaikwaye shi, a gaban baƙo, har da lanƙwasa harshe. Wannan karon ɗan Kumasi bai yi dariya ba. Yaron ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya tura kwalin ƙarƙashin benci, ya ce zai yi latti. Ban san wane latti ake yi ran Asabar ba.

Yana fita na jawo tiyo na toshe ramin fitar ruwa, na sakar wa jirgi famfo.

Ɗan Kumasi ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Alhaji, wannan ruwa ya yi yawa. Tirela yana kuka. Yaro ya ce a bar shi ya bushe."

Na ce, "Kai da ka tashi a zango, ina ka san ruwa? Ruwan da ka sani na koko ne."

Ya koma ƙarƙashin motarsa.

Sanyi ya shigo, irin na garin nan mai shiga ƙashi. Ruwan cikin jirgi ya zama ƙanƙara, ya narke, ya sake zama. Nakan hau bas in je in ƙwanƙwasa shi da sanda, in dawo in gaya wa Hajiya, matata, cewa majinyaci na shan magani. Ɗana ya kira ya tambayi jirgi, na ce yana hannun masana.

Da gari ya fara ɗumi na zare toshiyar. Ruwa ya tsiyaye, na leƙa. Tsagar da da farce ba ya shiga, yanzu tana cin ɗan yatsa. Fatar ta tattashi kamar jikin wanda ruwan zafi ya ƙona. Na taka ƙasan ciki, ya lotsa kamar burodi a shayi, don ruwa ya bi tsaga ya shige cikin faibar, ƙanƙara ta yi ta buɗa ta daga ciki. A waje kuma, inda tirela ke tallafe da shi, nauyin ruwan ya danna cikinsa ya bar rami. Na tsaya ina jiran katako ya kumbura a inda babu katako ko na sakace.

Na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin benci ba tare da na kalli ɗan Kumasi ba, shi ma ya yi mini kara ya kalli injinsa. Na bi tsaga da giranda yadda aka ce. Ƙurar faiba ta shige mini hannun riga, na kwana ina susa. Na dama, na cika, na rufe da leda. Facin farko ya ɓamɓaro gaba ɗaya a hannuna, don cikin a jiƙe yake. Na biyu ma haka. Ba abin da ya rage sai a yi masa rumfar tamfol a jira ya bushe, a garin da ko wanki sai an roƙe shi yake bushewa.

Ɗana ya zo sau ɗaya, ana saura kaɗan su tafi. Ya danna ƙasan jirgin da babban yatsa, yadda nake jin yana danna gwiwar marasa lafiyarsa. Na shirya masa amsa, na kwana ina wasa ta, jira nake kawai ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba. Ya ce watakila baɗi, ya tambaye ni ko ina shan maganin hawan jinina. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sun tafi. Jirgi ya bushe bayan ba mai jiransa. Na gyara shi daidai, ina sanye da takunkumi ɗaya, ɗayan na nan a ledarsa. Na goge da samfefa har hannuna ya mutu. Facin ya fito fari fat a kan tsohuwar fata, kamar haƙorin roba a bakin tsoho, amma ya kama, ba ya yoyo. Na ɗauki hoto na tura Kanada. Aka aiko mini da alamar babban yatsa.

Ran nan ina zaune a kicin, Hajiya na tsince shinkafa, na fara. Na ce laifin kayan Turawa ne, ba su da haƙuri, ba su san ruwa ba. Na ce da a Yauri ne, da tuni jirgin nan ya sha ya haɗe bakinsa.

Ba ta ko ɗago kai daga faranti ba. Ta ce, "To ai shi ba ɗan Yauri ba ne, Alhaji. Nan aka haife shi, kamar ɗanka. Shi ma haka ka yi ta ɗura masa har ya tsage."