Matar da Ta Gasa Waina da Sa'arta

A duk faɗin Japan babu wanda ya kai Kuwabara Tomie iya faɗuwa ƙuri'a. 'Yar kawuna ce, don haka ba zan ƙara mata gishiri ba. Tun tana firamare, in ƙuri'ar sharar aji ce ita take ci, in ta alewa ce ita take zuwa ta ƙarshe. An ce ranar da aka haife ta ma, a ɗakin haihuwar nan kaf ita kaɗai ce ba ta samu gado kusa da taga ba.

Yanzu ta ba sittin baya. Aikinta cusa shinkafa da kifi a kwalayen abincin rana da ake kai wa shaguna, kuma hannunta yana da saurin da in ka tsaya kusa da ita da hularka a hannu, sai ka tsince ta a rufe da roba an manna mata farashi. Mijinta Shigeharu tsohon mai walda ne a tashar jiragen ruwa. Ya yi rabin rayuwarsa durƙushe a kan ƙarfe, har gwiwoyinsa suka riga shi yin ritaya. Suna zaune a saman wani tsohon benen katako da ya karkata, wanda in ka yar da lemo a bakin ƙofa sai ka je gindin taga ka ɗauka. Matakalar ta ƙarfe ce, a waje take, ga tsatsa ga santsi. Duk ranar da Shigeharu zai sauka zuwa asibiti sai ya yi sallama da kyanwar maƙwabta kamar mai tafiya yaƙi, Tomie ta shiga ƙarƙashin hammatarsa, su sauko tare suna zagin juna a hankali don kada unguwa ta ji.

Saboda gwiwoyin nan ne take neman gidan hukuma mai lifta, na'urar hawa bene da sauka. Sau biyu a shekara ake buɗe ƙuri'ar rabon gidajen, sau biyu a shekara Tomie take komawa wata halitta daban. Za ta karɓo takardar shaidar zama, da ta kuɗin shiga, da ta likitan Shigeharu, ta goge su da dutsen guga, ta jera a tabarma. Ba ta cika fom sai ranar da kalanda ta ce ranar sa'a ce. Ba ta cikawa da tsohon biro. Hatimin da take sa hannu da shi kuwa sai ta hura masa iska, ta riƙe numfashi, ta danna shi a miƙe cif, don ta ji an ce karkataccen hatimi yana karkatar da rabo. Sannan ta manna kan sarki a katin da za a aiko mata da sakamako, ta wuce akwatin gidan waya na kusa, wanda ta ce baƙin jini gare shi, ta kai na gaban tasha, ta sunkuya masa.

Wane gida take zaɓa? Na bakin tasha mana, sabo fil, mai kallon kogi, wanda rabin gari ke rububinsa. In Shigeharu ya ce ta rage buri sai ta ce, "Kai da ko ƙasa ba ka iya sauka, me ka sani a harkar gidaje?"

Katin ya dawo, an buga masa kalma ɗaya: faɗuwa. Sau goma cur.

To, Tomie ba ta yarda mugun abu ya zauna mata a gida. Da katin ya iso sai ta ɗauke shi da tsinken cin abinci, ta sa a ambulan, ta barbaɗa gishiri. In watan Janairu ya kama, ranar da ake hura babbar wuta a filin wurin bauta don ƙona igiyoyin ado na sabuwar shekara, sai ta haɗa katunan da igiyar a kai wuta, rashin sa'a ya bi hayaƙi. Da farko Shigeharu take aika. Da gwiwoyinsa suka ƙi gaba ɗaya sai ta riƙa zuwa da kanta, ta jefa, ta gasa wainar shinkafa a garwashin, ta cinye don samun lafiya, ta dawo gida tana tafiya kamar wadda ta kashe zaki.

Ana haka sai mai benen da suke haya ya aiko musu da sanarwa mai ɗauke da ladabi shafi guda da hukunci layi guda: da furannin bazara sun zube za a rushe benen. Tomie ta zaga dillalan haya. Kowa ya tarbe ta da shayi, ya ji shekarunsu, ya raka ta ƙofa da ruku'u mai zurfi. Tsofaffi biyu, ɗaya ba gwiwa? Ashe duk gidajen garin an kama su jiya-jiyan nan.

Ta sa rigarta ta zuwa biki ta tafi ofishin gidaje. Ta samu wata ma'aikaciya mai suna Uno, mai murya kamar ta tsuntsu.

"Mama, sau nawa kika faɗi?"

"'Yar nan, haka ake gaisuwa a gidanku? Sau goma."

"Kai, madalla! Saura ɗaya kenan."

"Madalla? Ki maimaita in ji."

"Ai wanda ya faɗi sau goma sha ɗaya ba ya sake shiga ƙuri'a, Mama. Layi na musamman ake sa shi, a ba shi gida. In kin faɗi wannan karon sai ki kawo mana katunan duka."

"Waɗanne katuna?"

"Na faɗuwa. Ai an rubuta a ƙasansu, a adana."

Tomie ba ta taɓa karanta ƙasan katin ba. Wa zai tsaya karanta abin da yake riƙe da tsinke, fuskarsa a kauce? Ta ji ɗanɗanon wainar shinkafa ya taso mata a maƙogwaro. Uno ta ga yadda fuskarta ta yi, sai ta buɗe shafin ƙarshe na littafin jerin gidajen da ake rabawa ta tura mata a hankali.

"Akwai kuma waɗannan. Ba a cika nemansu ba. Gidajen da mai su ya rasu a ciki shi kaɗai ne. An gyara, an canza tabarmi, akwai lifta..."

Tomie ta miƙe tsaye kamar an ɗana mata wuta. "Ni? Ni da ko ranar jana'iza ba na shiga gidana sai na watsa gishiri a kafaɗa? 'Yar nan, ki gaida iyayenki."

Ta iso gida ta tarar da Shigeharu yana shan miya a gajeren teburinsu. Ta zube a tabarma ta fara jero masa bala'in, tana dukan cinya: gida sukutum ta kai wuta da hannunta, ta gasa waina da shi, ta cinye. Shigeharu ya kurɓi miya, ya ajiye kwano, ya dubi silin.

"Tsohuwa, ɗaga teburin nan."

"Ka haukace ne?"

"Ɗaga dai. Ta ɓangaren taga."

Ta ɗaga. Ga katuna biyu a ninke a ƙarƙashin ƙafar tebur, sun sha miyar waken soya har sun koma ruwan ƙasa.

"Akwai uku a ƙarƙashin firji," in ji shi. "Ɗaya a gindin kabad."

"Shigeharu! Waɗanda na aike ka ka ƙona?"

"Kati mai kauri haka a jefa a wuta? A gidan da komai yake gangara? Igiyar dai na ƙona."

"Wato shekara da shekaru a kan rashin sa'ata nake cin abinci! Dole in yi ta faɗuwa, mugun tsoho!"

"Ai faɗuwar ake nema yanzu, ko ba haka kika ce ba? Ki gode mini."

Ta rasa ko ta rungume shi ko ta kifa masa kwanon. Ta ciro su duka, firji ya jingina da bango kamar mashayi, kwanon miya ya kama hanyar taga. Ta lissafa: shida. Sauran huɗun ita ta ƙona da kanta, ta san ƙamshinsu. Ko ta faɗi wannan karon bakwai kenan, sauran kuma sai ta yi shekara biyu tana faɗuwa da ƙwazo. Benen kuwa ko damina ba zai gani ba.

Ta yi kwanaki ba ta ce masa uffan game da shafin ƙarshe ba. Sai ranar asibiti ta zo, suka dawo ana yayyafi. A tsakiyar matakala gwiwar Shigeharu ta ce ta gama aiki. Ya zauna a kan ƙarfen da ya jiƙe, ba sama ba ƙasa. Ta ja, ta tura, ta roƙa, ta zaga, bai motsa ba. Daga ƙarshe ta zauna a matakin ƙasa da nasa, ta riƙe musu lema.

"Ki hau abinki," ya ce. "In masu rushewa sun zo su haɗa da ni, duk tsohon ƙarfe ne."

"Rufe mini baki. Wa zai saye ka?"

Haka suka ci gaba da zama a cikin yayyafin. Sai da mai kai jarida ya zo wucewa aka ɗaga shi.

A ranar ta ɗauko fom. Kalanda ta ce ranar ita ce mafi muni a mako, ba ta kula ba. Ta cika da tsohon biron da Shigeharu ke sosa baya da shi. Ta buɗe shafin ƙarshe ta zaɓi ɗaki a hawa na bakwai, a wata unguwa da motar haya ke zuwa in ta ga dama. Hatimin ya fito a karkace kamar benensu. Ta jefa a akwatin nan mai baƙin jini, ko kallonsa ba ta yi ba.

Katin ya dawo: ci.

Ita kaɗai ta nema, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabanta. A wurin aiki ta ce ta kayar da mutum ɗari uku. A wurin wanka na unguwa suka zama dubu.

Ranar ƙaura, abin da ya fara shiga ɗakin buhun gishiri ne. Ta tara shi tsibi-tsibi a kowace kusurwa, har masu ɗaukar kaya suka zaci kifi za ta shanya. Ta bincika wurin maƙwabta ta ji sunan marigayin Nomiyama, tsohon direban tasi, mai son shayi mai ɗaci. Tun daga ranar, kullum da safe sai ta ajiye masa ƙaramin kofi a bakin taga ta ce, "Malam Nomiyama, ga naka. Ka zauna lafiya mu zauna lafiya. In ka taɓa mini tsoho, ni da kai ne." Har yau bai taɓa ba. Wasu ma sun ce shi ya ƙaura.

Shigeharu kuwa ya auri lifta. Ya sauka ya sayo jarida, ya hau, ya tuna bai gaida mai shago ba, ya sake sauka. Yara sun zaci ma'aikacinta ne.

Abu ɗaya ne ya bi su daga tsohon gida. Daɓen sabon ɗakin a miƙe yake sak, amma teburin bai daina rawa ba, ashe tun asali ƙafarsa ɗaya ce gajera. Wata rana Tomie ta dawo aiki ta ga katin cinta, wanda ta jingina kusa da hoton iyayenta, ba ya wurin. Ta dubi teburin, ya tsaya cak. Ta dubi Shigeharu, yana shan miya yana kallon silin. Ta buɗe baki, ta cika ƙirji da iska, sai kuma ta sauke. Ta zauna ta jawo kwanonta.

"Bar shi nan," ta ce. "Miƙo mini kifin."